Taku Uku Daga Laimar Agnes

Akwai wani layi da ya taso daga Fagge ya faɗa Sabon Gari, wanda ko masu gidajen cikinsa sai sun yi tunani kafin su tuno sunan da hukuma ta raɗa masa. Kwanar Agnes kowa yake cewa. Ka faɗa wa ɗan adaidaita sahu haka, ba zai sake tambayarka ba, zai kai ka har gindin wata tsohuwar laima mai faci-faci, inda wata mata gajera mai faɗin kafaɗa take fifita gawayi tana juya masara. Ita ce Agnes. In ba a yi maka bayani ba za ka ɗauka masarar ce ta sa sunanta ya bi layin. Masararta da daɗi, ban musa ba, amma ba ita ba ce dalili. Rami ne.

Wani babban lambatu ne ya ratsa ta ƙarƙashin layin, yana kwasar ruwan unguwa yana kaiwa Jakara, an rufe shi da murafen siminti. Shekaru da yawa da suka wuce wata babbar mota ɗauke da dilolin atamfa ta taka murfin bakin hanya, ya rufta, ya bar rami mai faɗin taku biyu. Zurfinsa kuwa ya shanye namiji a tsaye har da hularsa. Da rani ba abin tsoro ba ne, kowa yana ganinsa, awaki ma sun san su kauce. Da damina ake yin ta. Layin a kwari yake, ruwan rabin awa ya ishe shi ya koma kogi, ruwa mai kalar shayi da madara wanda ba ka ganin ƙafarka a ciki balle rami. Ɗaya gefen kuma buɗaɗɗiyar kwata ce tun daga farkon layin har ƙarshensa. Hanyar da mutum zai bi ya tsira siririya ce, alamarta kuma guda ɗaya: ka bar taku uku tsakaninka da laimar Agnes.

A Sabon Gari aka haife ta. Mahaifinta kafinta ne da ya zo daga gabas yana saurayi, ya ce shekara biyu zai yi, ya yi arba'in da shida. Agnes ta tashi tana jin Hausa kamar jakin Kano. Da ita take ciniki, da ita take faɗa, Igbo kuwa ta ajiye shi don addu'a da kuma ranar da mijinta ya ɓata mata rai sosai. Mijin shi ne Boniface, mai gyaran keken ɗinki, dogo siriri, wanda bai taɓa ɗaga murya ba sai a sahun mawaƙan coci. 'Ya'yansu uku. Mata biyu sun yi aure sun bar gari, babban kuma, Kenechukwu, wanda kowa ke kira Kene, yana sayar da kayan sola a kasuwar Sabon Gari.

Shekarar da Kene ya shiga sakandare ta fara gasa masara. Ta yi kwana uku tana neman wurin zama, duk inda ta ajiye kujera sai wani ya fito ya ce wurin kakansa ne. Daga ƙarshe ta zauna a bakin ramin nan, don shi kaɗai ne babu mai gādonsa. Wani kamfanin lemo ya raba laimomi a shekarar, ta samu ɗaya. Boniface ya samo tsohon wilin mota, ya cika shi da siminti, ya bar gurbi a tsakiya inda za a soka sandar laimar. Suka gungura shi suka ajiye dab da leɓen ramin. Da damina masara da kwakwa, da rani doya da gyaɗa. Ita a lokacin inuwa kawai take nema, ba ta san ta kafa wa unguwa biyu alama ba.

Gumsu ce ta mayar da laimar abin da ta zama. Dillaliya ce daga Kwaciri, tana sarar atamfa da leshi a Kantin Kwari tana shiga da su gida-gida. A lokacin ba ta je Makka ba, kuma ita da Agnes ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Wata Laraba cikin Agusta ruwa ya tsare ta a hanya, ta ga in ta jira zai kai ta magariba, ta tattare zani ta shiga da ƙulli a ka. Tana zuwa daidai laimar ƙafarta ta dama ta nemi ƙasa ta rasa. Agnes ta yar da mafici, ta cafko damtsenta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta riƙe sandar laimar, ta fizgo ta kamar ana zaro guga daga rijiya. Gumsu ta fito, ƙullin kanta ko gocewa bai yi ba, amma takalmi ɗaya ya tafi.

"Takalmina," abin da ta fara cewa ke nan.

"Baiwar Allah, ki gode masa da ba ke kika bi shi ba," in ji Agnes.

Ta zaunar da ita a kujerarta, ta ba ta masara mai zafi. Da ta ga hankalinta ya dawo sai ta ce, "Daga yau in ruwa ya rufe layin nan kar ki nemi hanya da ido. Ki dubi laimar nan, ki bar taku uku tsakaninki da ita. In wurina za ki zo, ki wuce tukuna, sannan ki zagayo ta baya."

Faɗa wa dillaliya magana daidai yake da kai ta gidan rediyo. Kafin damina ta fita babu gidan da Gumsu ke shiga a Fagge da ba a ji labarin takalmin da taku ukun ba. Mata suka faɗa wa mazajensu, maza suka faɗa a majalisa, 'yan dako suka ɗauka, direbobi suka ɗauka. Aka wayi gari mutumin da bai taɓa cin masarar Agnes ba, bai ma san fuskarta ba, in hadari ya taso yana hanyar Sabon Gari sai ka ji matarsa ta bi shi da cewa ya dai tuna da laima. Tun daga lokacin Agnes ta daina naɗe ta da damina. A buɗe take kwana, a buɗe take wuni.

Za ka ce me ya hana a rufe ramin. An rufe. Sau uku 'yan layin suna haɗa hannu su sa murfin ƙarfe, sau uku masu satar ƙarfe suna ɗaukewa kafin mako ya zagayo. An zuba na siminti sau biyu, siriri kamar waina, motocin kaya suka farfasa. Akwai kuma masu zuwa da igiyar awo, su auna, su rubuta, su ci masara, su tafi. Abin da ya fi ba ni haushi ma ba su ba ne, mu ne. Da an ji ɗigon farko sai kowane gida ya fito da kwandon shara ya juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ba bawan kowa ba ne. Yakan kai ledojin bakin lambatu ya toshe, sannan ya dawo mana da su har tsakar gida, mu tsaya muna salati kamar ba mu san mai su ba. A ƙarshe kowa ya haƙura da batun murfi, tunda ga Agnes. Ɓarayin da suka ɗauke ƙarfe sau uku ba su taɓa ko taɓa laimar ba, don su ma ta nan suke wucewa.

Shekara ashirin da biyu aka yi a haka. In ruwa ya sauko Agnes takan ɗauke kaskon gawayi ta kai barandar gidan da ke bayanta, ta dawo ta hau kan wilin ta riƙe sanda don kada iska ta kwashe laimar, tana yi wa masu wucewa tsawa kamar 'yar sanda. Tana son aikin, gaskiya. Tana son ganin ƙaton ɗan kasuwa da babbar riga a kafaɗa yana bin umarninta kamar ɗan firamare. Rubutun kamfanin lemon ya daɗe da gogewa. Duk shekara Gumsu, wadda yanzu ta zama Hajiya kuma aminiya, takan kawo ƙyallayen atamfa, Boniface ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi ya ɗinke inda ya yage. Laimar ta zama ba ta da kala ɗaya, ba kuma wadda ta yi kama da ita a duk Kano, daga bakin titi kana hango ta. Ita ma Hajiya Gumsu idonta ya fara rauni, fuskar mutum sai ya matso take gane shi, amma laimar nan tana gane ta tun daga nesa. Har yau kuma in suka yi saɓani takan ce ai ita Agnes mutum ta iya cetowa, takalmi ya fi ƙarfinta.

Abin da ruwa bai yi wa laimar ba ya yi wa gwiwoyin Agnes. Tana da shekara hamsin da takwas suka fara ƙara in za ta miƙe. Kene ya ga haka, bai ce mata komai ba, ya je ya samu mai gidan da ke bayanta, aka fasa ɗakin waje aka mayar shago. Aka sa tayil, aka sa fanka, aka sa firji mai aiki da hasken rana, aka ɗaga dakali yadda ruwa ba zai hau ba. A saman ƙofa aka rubuta sunanta da shuɗin fenti. Ranar da ya kai ta ya buɗe mata, Agnes ta zauna a kujera mai katifa, ta tashi, ta sake zama, ta buɗe firjin ta rufe ya fi sau biyar. Murna ta cika ta har ta rasa da wane harshe za ta sa masa albarka, ta haɗa duka biyun.

A kan laima kawai suka saɓa.

"Mama, wannan laimar ta gama aiki, a yi mata ritaya," in ji Kene. "Ga rumfa sabuwa na sa miki. Baƙi za su zo ranar buɗewa, har da Fadan cocinmu."

"Ritaya? Laimar da ta kai ka jami'a?"

"To a naɗe ta a ajiye a gida."

"Inda na shiga nan za ta shiga. Ku matso min da ita bakin ƙofa, kowa ya ga ban yar da ita don na samu tayil ba."

Boniface da Kene suka gungura wilin baya zuwa bakin ƙofar shagon. Taku biyu ne kacal. Ramin kuma Kene ya ɗora masa faffaɗan katako don kada ya ɓata hoton biki, da niyyar sati mai zuwa ya kawo magina su zuba murfi na gaske. Rana ce tarwai a ranar, ƙasa a bushe. Cikin su ukun babu wanda ya yi lissafin da kai mai karatu ka riga ka yi, cewa taku uku daga laimar yanzu tsakiyar rami ne. Kuma ba zan ɗora wa Kene ba. Kafiyar Agnes ce, ita ma ta sha faɗa da bakinta.

Asabar aka yi bikin buɗewa. Agnes ta sa leshi ruwan zuma wanda Hajiya Gumsu ta zaɓar mata, ta kafa gwaggwaro, ta hau takalmi mai tsini da rabonta da irinsa tun ranar aurenta. Matan coci suka zo da dafa-duka a manyan kuloli, maƙwabta suka kawo zoɓo da kunun aya. Telolin layin suka zo, masu sayar da taya suka zo, 'yan adaidaita suka yi ta tsayawa suna karɓar masara kyauta. Aka kunna sifika. Boniface, da ba a taɓa gani yana rawa ba, ya ɗaga kafaɗa ɗaya ya sauke, aka yi ta guɗa. Hajiya Gumsu ce kawai ba ta iso ba. Bikin suna take da shi a Kwaciri, ta ce da an yi la'asar za ta taho.

Wajen ƙarfe huɗu Fada ya yi addu'a ya fara yayyafa ruwan albarka a bangon shago. Bai kai ga firji ba sama ta ce bari ta taya shi. Hadarin da ba wanda ya lura da shi ya taso daga gabas, iska ta kwashe hular mai hoto, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka dunƙule cikin shago da baranda suna dariya. Agnes ta zauna a kujerarta mai katifa, ta miƙe ƙafa a kan busasshen tayil, tana kallon layin yana cika. Karo na farko cikin shekara ashirin da biyu ana ruwa tana bushe. Daɗin da ta ji ba ya faɗuwa. Ta ce wa matar da ke kusa da ita ashe haka masu kuɗi suke ganin damina.

Cikin minti ashirin ruwan ya shafe titi, ya shafe kwatar tsallake, ya fara lasar dakali. Ledoji da robobi suka soma wucewa a jere, 'yan unguwar sama sun yi abin da suka saba. Sai wayarta ta yi ƙara. Hajiya Gumsu ce.

"Maman Kene, ɗan adaidaitan nan ya sauke ni a bakin titi, wai ba zai shiga ba. Kar ku cinye shinkafar. Ina hango laimarki, ga ni nan."

Ta kashe. Agnes tana murmushi tana sauke wayar daga kunne, sai idonta ya faɗa kan wani abu mai faɗi yana tafiya a kan ruwa a hankali, yana juyawa, da kwalbar zoɓo a kansa. Katakon Kene ne. Ta dubi inda ya taso. Ruwan wurin yana murɗawa yana lotsawa a tsakiya. Ta dubi laimar a bakin ƙofa. Sai a lokacin lissafin ya zo mata, ya zo kuma gaba ɗaya.

Ta kira wayar Gumsu. Tana ta ƙara ba a ɗauka, don Hajiya in za ta shiga ruwa takan ƙulle waya a leda ta cusa cikin jaka. Agnes ta leƙa. Can saman layi ga ta nan tafe, zani a tattare, ƙulli a ka, tana jan ƙafa cikin ruwan da ya kai mata gwiwa. Ba ita kaɗai ba ce. Mutanen da suka fake a bakin titi sun ga tsohuwa ta shiga da ƙarfin zuciya, sun san ta san hanya, suka bi bayanta a layi ɗaya: wani ɗan dako da buhu, mata biyu da kayan cefane, wani malami riƙe da takalmansa, da wasu a baya da ba ta iya ƙirgawa ba. Dukkansu idonsu a kan laima. Dukkansu sun bar taku uku.

Kene ya gane. Ya haye dakali yana ɗaga hannu yana ihu su koma dama. Ruwa yana dukan kwano, sifika tana kiɗa, muryarsa ko tsallaken baranda ba ta yi ba. Wanda ya hango shi ma ya ɗauka rawa yake. Ya ce bari ya naɗe laimar.

"Kar ka naɗe," in ji Agnes. "In ba su gan ta ba za su watse, wasu su faɗa kwata. Ciro min ita."

"Mama, bari ni in kai."

"Ka san inda take zama?"

Bai sani ba. Kullum yana ganin wurin, amma a ƙarƙashin wannan ruwan ba zai iya nunawa ba, kuma wanda ya zarce da rabin taku ya tafi Jakara. Agnes ta tuɓe takalman tsinin ta miƙa wa Fada, shi kuma ya karɓa bai san ya karɓa ba. Ta zare sandar daga wilin, ta ɗaga laimar sama da hannu biyu, ta sauka daga dakali da leshinta da gwaggwaronta.

Ruwan da sanyi, kuma yana ja. Ba gaba yake janta ba, wajen ramin yake janta, kamar mai jan zani. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ji an riƙe ɗamararta ta baya, ba ta juya ba ta san hannun Boniface ne. Kene ya kama bel ɗin ubansa, Fada ya kama Kene da hannu ɗaya, ɗaya hannun mai takalma ya saƙala a ƙarfen ƙofa. Ta ja ƙafar hagu ba tare da ta ɗaga ba. Ɗaya. Ta ja ta dama, tana lalube da yatsu. A leɓen ramin akwai wani guntun rodi da ya leƙo, wanda ya yaga mata zannuwa ba adadi, ta sha tsine masa. Shi take nema yanzu. Babban yatsanta ya taɓa shi. Ta tsaya cak, ta kafa sandar a ƙasa daidai inda wilin ya shekara ashirin da biyu, ta rungume ta.

Hajiya Gumsu saura taku bakwai ko takwas. Agnes ta ga ta dakata, ta ɗaga kai, ta ƙanƙance ido. Ta ga bakinta yana motsi, kuma ko ba ta ji ba ta san mita take yi. Sannan ta ga ta matsa dama. Taku ɗaya, taku biyu. Ɗan dakon da ke bayanta ya matsa. Matan cefane suka matsa, malamin ya matsa, layin gaba ɗaya ya lanƙwasa kamar zare yana bin allura. Suka zo suka wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya, ramin yana murɗawa tsakaninta da su, ba wanda ya ko kalle shi. Malamin ma har ya ɗaga mata takalmansa ya ce, "Madam, Allah ya sanya alheri."

Hajiya Gumsu ta wuce, ta zagayo ta baya kamar yadda aka koya mata, ta iso tana haki.

"Yau laimar nan tafiya take yi ne, ko idona ne ya ƙarasa? Ke kuma me kike yi cikin ruwa da leshin da na sha wahalar zaɓa? Dubi gwaggwaro kamar an jiƙa burodi. Boniface, kana tsaye kana kallo? Ke kuma Fada guda kika ba riƙon takalmi?"

Dariya ce ta ƙwace wa Agnes. Ta sa Kene ya miƙo mata totuwar masara daga baranda, ta jefa daidai inda Hajiya ta nufo da farko. Totuwar ta zagaya sau biyu, ta miƙe tsaye, ta nutse. Hajiya Gumsu ta ga abin da ya faru. Ta yi salati a hankali, ta sauke ƙullin kanta ta ba Kene, ta sa hannu ta kama sandar laimar tare da Agnes. Haka suka tsaya su biyu har ruwa ya tsagaita, ba yadda ba a yi da su ba su shigo suka ƙi. Sai da maza huɗu suka gunguro wilin suka mayar da shi mazauninsa sannan suka yarda suka hau dakali.

Bikin da aka yi bayan nan ya fi na farko. A ƙullin Hajiya akwai turmin atamfa da sabon mafici, aka yanka atamfar nan take suka ɗaura su biyu, anko ba shiri. Aka ɗumama shinkafa, aka hura gawayi. Boniface ya ɗaga kafaɗa biyu a wannan karon. Fada ya tafi gida ya kai rabin hanya kafin ya lura takalman Agnes suna aljihun rigarsa.

Litinin Kene ya kawo magina. Ya zuba murfi mai kaurin taƙi guda, rodi a ciki kamar na gada, ya ce ko tirela ta hau ba abin da zai same shi. A gefensa ya sa aka binne bututun ƙarfe a daidai wurin da uwarsa ta nuna da ƙafa, aka soka laimar a ciki. Agnes ta ce ko bayan ranta kada wanda ya matsar da ita, ko da taku rabi ne. Ita kuma ta koma shagonta, gwiwoyinta suka samu sauƙi, ta ƙara ƙiba.

Damina biyu ke nan da zuba murfin, kuma in ka cire Kene babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa taka shi. Ko da rani, ƙasa a bushe, mutane in sun zo daidai laimar sai su lanƙwasa su bar taku uku. Abin yana ci wa Kene rai. Ya hau murfin ya yi tsalle a gaban jama'a, aka tafa masa, aka ci gaba da zagayewa. Rannan ana yayyafi yana shagon, sai ga Hajiya Gumsu ta taho, ta wuce, ta zagayo ta baya, ta hau dakali tana karkaɗe mayafi.

"Hajiya, don Allah," in ji Kene, "ramin nan fa babu shi. Na rufe. Ki taka sau ɗaya dai in ji daɗi."

Hajiya Gumsu ta zauna, ta zaɓi masara mai laushi saboda haƙoranta, ta hura.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka, aikinka ya yi kyau. Amma ni tun ranar da ya cinye min takalmi ban sake duban ramin nan ba, ban san inda yake ba. Inda uwarka take na sani."

Agnes tana juya masara a kan waya. Ta ajiye maficin, ta yi kuka sosai a gaban ɗanta da masu jiran masara, ba ta kuma ce hayaƙi ne ba. Da ta gama ta share fuska da gefen zani, ta zaɓi wata mai laushin ta ƙara wa Hajiya.